Yadda Ake Shuka Furen Dafodil a Jos: Asalinsa, Ma'anarsa da Matakan Kula da Shi

Garin Jos ya yi suna wajen noma abubuwan da sauran garuruwan Arewa ba sa iya nomawa cikin sauƙi, kama daga dankalin Turawa da kabeji da karas har zuwa furanni iri-iri da ake ɗauka zuwa Abuja domin bukukuwa. Dalilin haka a fili yake, domin garin yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma sanyinsa ya fi na makwabtansa. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa duk wani furen Turai da aka kawo Jos zai kama da kansa. Dafodil ba ya cikin waɗannan. Yana iya yin fure a nan, amma sai an fahimci abu guda game da shi: a ƙasashen da ya fito, ruwan sama yana zuwa ne tare da sanyi, fari kuma yana zuwa tare da zafi, alhali a wajenmu sanyin hunturu busasshe ne, ruwan damina kuma yana sauka ne a kan ƙasa mai ɗumi. Duk matakan da za su biyo baya dabaru ne na daidaita wannan saɓani, wato a ba shi ruwa a lokacin da sama ba ta bayarwa, a tsare shi daga ruwa a lokacin da take bayarwa, sannan a cike masa gibin sanyin da hunturunmu bai kai ba.

Asalinsa da kamanninsa

Dafodil tsiro ne da ke fitowa daga dunƙulalliyar albasa a ƙarƙashin ƙasa. Masana tsirrai suna kiran jinsinsa Narcissus, sunan da Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya tabbatar a shekarar 1753, Larabawa kuma suna ce masa narjis. Yana cikin dangi ɗaya da albasar kwaɗi, wadda ke tsirowa a fadamunmu da farkon damina, kuma a rabe-raben masana na yanzu albasar miya da tafarnuwa ma suna cikin wannan babban dangi. Asalinsa kudu maso yammacin Turai ne da arewacin Afirka, kuma inda ya fi yawan nau'o'i a daji shi ne Sifaniya da Fotugal da Maroko. Wani reshe nasa, wanda ake kira tazetta, ya bazu a gaɓar tekun Bahar Rum, ya bi hanyoyin fatauci zuwa Farisa, har ya kai ƙasar Sin da Japan.

Furen yana da fiffike shida a shimfiɗe, a tsakiyarsu kuma akwai wani ƙoƙo da ya turo gaba, wanda a manyan nau'o'in yake da tsawo da buɗaɗɗen baki kamar na algaita. Launin da aka fi saninsa da shi rawaya ne, amma akwai fari, akwai mai farin fiffike da ƙoƙo ruwan lemo, akwai kuma mai ninkin fiffike. Turawan Ingila da na Holan ne suka fi kowa yin aikin haɗa irinsa, musamman daga ƙarni na 19, har aka samu dubban iri masu suna. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta da RHS, ita ce ke riƙe da rajistar sunayen a duniya, kuma ta kasa su gida 13 bisa siffar fure. Ba lallai ne mai shuka a Jos ya haddace gidajen nan ba. Rukuni biyu ne suka shafe shi, kuma za a zo kansu.

Abin da yake nufi ga al'ummomi daban-daban

A Turai dafodil yana cikin furannin farko da ke buɗewa idan sanyi ya fara janyewa a watan Fabrairu da Maris, lokacin da itatuwa ba su ko yi toho ba, saboda haka suka ɗauke shi alamar sabuwar rayuwa da kyakkyawan fata. Shi ne furen ƙasa na yankin Wales a Birtaniya, inda mutane ke maƙala shi a riga ranar 1 ga Maris ta kowace shekara. Wannan ma'ana ta fata ce ta sa ƙungiyoyin yaƙi da cutar daji a Kanada da Ireland da Ostireliya suka mai da shi tambarin neman gudummawa, haka ma ƙungiyar Marie Curie ta Birtaniya mai kula da marasa lafiyar da cutarsu ta yi nisa. Wanda zai kai wa majinyaci fure a asibiti, to wannan ma'anar ce ta fi dacewa da hannunsa.

Girkawan dā suna da wata tatsuniya da ta ba shi ma'ana ta daban. Sun ce wani saurayi kyakkyawa mai suna Narsisus ya wulaƙanta duk wadda ta so shi, har wata rana ya leƙa tafki ya ga fuskarsa, ya kamu da son hoton kansa, ya kasa tashi daga bakin ruwan har ya mutu, sai furen ya tsiro a gurbinsa da kai a sunkuye. Saboda haka a wasu rubuce-rubucen Turai yana nuni ga son kai da jiji da kai. Mawaƙan Larabci da na Farisanci ba su bi wannan hanya ba. Su idon masoyiya suke kwatantawa da narjis, kuma har yau ana raɗa wa 'ya'ya mata sunan. A ƙasar Sin kuwa ana reno nau'in tazetta a cikin kwano da ruwa da tsakuwa, ana auna lokaci domin ya buɗe daidai da bikin sabuwar shekararsu, suna ɗaukar hakan alamar arziki, kuma birnin Zhangzhou da ke lardin Fujian ya yi suna wajen nomansa. Wannan dabara ta mutanen Sin ita ce, a ganina, ta fi duk sauran amfani gare mu, domin ba ta buƙatar fili, ba ta buƙatar firji.

Gargaɗin da ya kamata ya riga shuka

Duk sassan dafodil suna da guba, kuma gubar ta fi yawa a cikin albasar. Akwai wani sinadari a cikinta mai suna laikorin da ke jawo tashin zuciya da amai da ciwon ciki da gudawa ga mutum da dabba. Haɗarin a gidajenmu babba ne, saboda albasar tana kama da albasar miya sosai, da busasshen ɓawo ruwan ƙasa da komai, kuma daga cikin matakan shukarta akwai ajiye ta a firji na tsawon watanni. Ko a Ingila, inda kowa ya san furen, sai da hukumar lafiyar jama'a ta rubuta wa manyan kantuna a shekarar 2015 cewa su nisanta dafodil daga wurin sayar da kayan miya, saboda ana samun masu saye suna dafawa bisa kuskure.

Bambancin da za a koya wa kowa a gida shi ne cewa albasar dafodil ba ta da warin albasa ko an kankare ta, kuma ganyen mafi yawan nau'o'insa falle ne, ba mai rami a ciki ba irin lawashi. Amma kada a dogara ga wannan kaɗai. A rubuta gargaɗi a jikin jakar da aka zuba ta, a faɗa wa uwargida da mai aiki da yara baki da baki, kuma kada a taɓa ajiye ta a kwandon cefane ko na ɗan lokaci. Idan wani ya ci, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci domin likita ya gani. Gaskiya ne cewa kamfanonin magani suna tace wani sinadari mai suna galantamin daga dafodil domin rage alamomin cutar mantuwa ta Alzheimer, amma wannan aikin masana'anta ne da awo, ba hujjar jiƙa albasar a sha a gida ba ce. Ruwan jikin tsiron kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi da tsagewar fata, don haka a sa safar hannu yayin aiki.

Mataki na farko: zaɓen iri

Wanda bai taɓa shukawa ba ya fara da gidan tazetta, wato masu fitar da ƙananan furanni da yawa a kan kara ɗaya, masu ƙamshi. Daga cikinsu akwai fararen da ake sayarwa da sunan Paperwhite, wanda irinsa mafi shahara shi ne Ziva, sai kuma Grand Soleil d'Or mai launin rawaya. Waɗannan sun fito ne daga wurare masu sauƙin sanyi, saboda haka ba sa buƙatar a sanyaya su kafin su yi fure. Erlicheer da Avalanche ma 'yan wannan zuriya ne, kuma an san su da jure ɗumi fiye da sauran.

Rukuni na biyu shi ne na manyan masu fure ɗaya a kan kara, irin su Dutch Master da Carlton da Ice Follies. Su ne ake gani a hotuna, kuma su ne mutane suka fi so, amma ba za su yi fure mai kyau ba sai albasarsu ta sha sanyi na digiri 4 zuwa 9 a ma'aunin Salshiyos har tsawon mako 12 zuwa 16 ba yankewa. Daren Disamba da Janairu a Jos yana yin sanyi ƙwarai, amma da rana ta ɗaga ƙasa takan ɗumama, kuma sanyin na 'yan makonni ne. Wanda bai da tabbacin wutar lantarki, ko ta sola ko ta janareta, gara ya haƙura da waɗannan ya tsaya ga tazetta, domin asarar kuɗi ce kawai zai yi.

Mataki na biyu: samo albasar da tantance ta

Albasar dafodil daga waje ake kawo ta, galibi daga Holan ko Birtaniya, kuma a can ana fara sayar da ita daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. Doka ta tanadi cewa mai shigo da tsiro ko iri Najeriya ya nemi izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan noma, kuma kayan su zo da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da suka fito. Wannan ba neman wahalarwa ba ne, domin albasa tana iya ɗauko tsutsar wani ƙuda da ke cinye cikinta, da wasu ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani waɗanda ke kama har albasar miya, kuma babu mai son a kawo su yankin da dubban mutane ke cin abinci da noman lambu. Mafi sauƙi shi ne a yi magana da masu sayar da furanni da suka saba shigo da kaya tun watan Yuli, a faɗa musu sunan irin da ake so.

Idan ta zo hannu, a ɗauki kowace ɗaya a auna ta a tafin hannu. Mai lafiya tana da nauyi daidai girmanta, kuma tana da tauri idan an matsa ta a hankali. A juya ta a duba gindinta, wurin nan mai faɗi da saiwa ke fitowa, a danna da babban yatsa: idan ya lotsa, ko ya yi baƙi-baƙi, ko an ga farar fumfuna ko mai ruwan hoda a kewayensa, to ruɓa ta kama ta, a jefar da ita nesa da lambu. Wadda ta yi sakayau kamar ba komai a ciki ita ma ta mutu. Ɓawon da ya ɗan ɓare ba aibi ba ne. A zaɓi manya, domin furen da za a gani bana ya riga ya ƙullu a cikin albasar tun kafin a tono ta, kuma ƙarama sau da yawa ganye kawai take bayarwa.

Mataki na uku: sanyaya ta a firji

Wannan mataki na manyan nau'o'in ne kawai; Paperwhite da 'yan uwanta a ajiye su a ɗaki mai iska da inuwa har ranar shuka, kada su shiga firji.

A zuba albasar a jakar takarda ko ta raga, ba leda ba, domin leda tana tara gumi, gumi kuma yana kawo ruɓa. A sa ta a aljihun ƙasa na firji inda ake ajiye ganye, a ajiye ƙaramin ma'aunin zafi kusa da ita a riƙa dubawa. Kada ta kusanci wurin ƙanƙara, domin idan ta daskare ta lalace. Abu mafi muhimmanci da mutane ke mantawa shi ne 'ya'yan itace. Tuffa da ayaba da tumatir da fiya, idan suna nuna, suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke lalata furen da ke kwance a cikin albasar, sai a yi ta jiran fure a ga ganye kawai. Saboda haka wanda yake da ƙaramin firji na daban, irin na lemon kwalba, ya fi kyau ya keɓe shi ga wannan aiki, kuma hakan ya kawar da haɗarin a ɗauka a yanka a miya. Game da ɗauke wuta, a jera robobin ruwa masu sanyi a cikin firjin domin su riƙe sanyin, a rage yawan buɗe ƙofa. Ɗaukewar 'yan sa'o'i ba ta ɓata aikin, amma ta kwana da kwanaki tana ɓatawa.

Lissafin lokaci shi ne ginshiƙin abin. Idan aka sa albasar a firji ranar 1 ga Satumba, mako 13 zai cika ranar 1 ga Disamba, lokacin da damina ta ɗauke, ƙasa ta sha iska, hunturu ya kankama. A ranar da aka fito da ita a ranar za a shuka ta, kada a bar ta ta kwana a waje tana ɗumama. Da wannan lissafi ana sa ran fure a cikin Janairu zuwa Fabrairu, kafin zafin Maris ya shigo, wanda shi ne ke ƙona furen cikin 'yan kwanaki. Albasar da ta iso a makare, misali a ƙarshen Nuwamba, ba za ta sami isasshen lokaci ba, sai dai idan tazetta ce.

Akwai hanya ta biyu ga mai babban firji. Ana shuka albasar a tukunya tun farkon Oktoba, a jiƙa ƙasar, a sa tukunyar gaba ɗaya a firji, a riƙa ɗan yayyafa ruwa idan saman ya bushe. A cikin sanyin za ta yi saiwa sosai, kuma idan aka ga fararen saiwoyi sun leƙo ta hujin gindin tukunya, tsiro kuma ya kai tsawon ɗan yatsa, sai a fito da ita a ajiye a inuwa na kwana uku ko huɗu kafin a kai ta rana. Fure yakan biyo baya cikin mako uku zuwa huɗu. Wannan hanya ta fi ba da tabbas, domin ta fi kama da abin da ke faruwa a ƙasarsa ta asali.

Mataki na huɗu: wuri da ƙasa

Babban maƙiyin dafodil a ƙasa mai ɗumi shi ne ruɓar gindi, wadda wata fumfuna mai suna Fusariyum ke haddasawa, kuma tana ƙaruwa ne idan zafi da laima suka haɗu. Saboda haka a nemi wurin da ke samun hantsi, amma yana cikin inuwa daga azahar zuwa la'asar, kamar gabashin ɗaki ko gefen katanga. Katangar za ta kuma tare iskar hunturu, wadda ke karya dogon kara. Kada a shuka a kwari ko inda ruwan wanke-wanke ke bi.

Jar ƙasar da ta yi yawa a unguwannin Jos tana ƙanƙamewa idan ta bushe, tana kuma riƙe ruwa idan ta jiƙe, don haka sai an gyara ta. A haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, da kashi ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, da kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai har ya zama baƙi ba ya wari. Kashin kaji ɗanye, wanda masu lambu suka saba zuba wa kabeji, yana ƙona albasar, kada a kusanta shi da ita. Ɗan barbaɗin tokar itace yana da amfani, amma kaɗan. Idan a ƙasa za a shuka, a tada kunya mai tudun taƙi guda maimakon fangali mai zurfi irin na latas. Ni dai na fi ba da shawarar tukunya, musamman ta ƙasa, domin tana tsatsafo da ruwa ta jikinta tana sanyaya saiwa, ba kamar baƙar roba da ke ɗaukar zafin rana ba, kuma ana iya ɗauke ta a kai inuwa duk ranar da zafi ya tsananta. Zurfinta kada ya gaza santimita 25, a huda gindinta, a shimfiɗa tsakuwa ko guntayen fasasshiyar tukunya a kan hujin.

Mataki na biyar: shukawa da ban-ruwa

Ana dasa albasar tsinin yana kallon sama, gindin yana zaune daram a kan ƙasa. A kunya, zurfin ramin ya kai ninki biyu zuwa uku na tsawon albasar, wato kimanin santimita 15 ga manya, tazarar tsakani kuma santimita 10 zuwa 15. A wajenmu zurfin yana da ƙarin amfani, domin can ƙasa ya fi sanyi. A tukunya ana matso su kusa da juna ba tare da sun taɓa ba, kuma tukunya mai faɗin santimita 25 tana ɗaukar biyar zuwa bakwai. Bayan an rufe, a ba da ruwa sosai sau ɗaya domin ƙasa ta zauna, sannan a lulluɓe saman da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi domin rage zafi da bushewa.

Daga nan ƙa'idar ita ce laima ba tare da caɓi ba. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu; idan an ji danshi a bari, idan an ji bushewa a ba da ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Iskar hunturu tana busar da tukunya da sauri, saboda haka dubawar kullum ce. Da ganye ya fito buƙatar ruwa takan ƙaru, kuma ƙishi a lokacin da ƙullin fure ke tasowa yana sa ya bushe a cikin kubensa bai buɗe ba. Takin zamani ba dole ba ne a shekarar farko tunda abincin yana cikin albasar. Idan za a sa, a ɗan barbaɗa NPK kaɗan nesa da gindi bayan ganye ya fito, a guji yuriya, domin ganye take ƙarawa. Ɓeraye ba sa cin albasar saboda gubarta, awaki ma galibi suna ƙyale ganyen, amma duk da haka a killace wurin, domin ɗan akuya ba ya tambaya kafin ya ɗanɗana.

Hanyar kwano da tsakuwa

Ga Paperwhite, a samo kwano marar huji mai zurfin santimita 8 zuwa 10, a zuba wankakkiyar tsakuwa zuwa rabi, a jera albasar a kai, a ƙara tsakuwa a tsakaninsu har ta riƙe su, rabin jikinsu na sama yana waje. A zuba ruwa har ya kusa taɓa gindinsu, amma kada ya hau jikinsu, domin albasar da ta zauna cikin ruwa ruɓewa take yi. A ajiye kwanon a wuri mai sanyi da ƙarancin haske na kamar mako guda har saiwa ta sauka, sannan a kai shi bakin taga mai haske, a riƙa juya shi kullum domin kada karan ya karkata. Cikin mako huɗu zuwa shida zai yi fure. Wanda ya raba albasarsa yana dasawa duk bayan mako biyu daga tsakiyar Nuwamba zai sami fure a falo tun daga bukukuwan ƙarshen shekara har cikin Fabrairu. Sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, wasu suna sonsa wasu kuma yana hawa musu kai, don haka bai dace da ɗakin barci ba. Albasar da aka rena a ruwa takan ƙare ƙarfinta, ba a cika samun fure daga gare ta a shekara mai zuwa ba.

Amfaninsa a lambu da cikin gida

Dafodil ɗaya tilo a tsakiyar fili ba ya nuna kyansa, haka ma jera shi a layi ɗaya. A shuka shi rukuni-rukuni, goma ko fiye a wuri guda, a gaban wani abu mai duhun kore ko gaban dutse, abin da ba a rasa ba a gidajen Rayfield da Lamingo da gefen Bukuru. A lura cewa furen yana fuskantar inda haske ya fi yawa, saboda haka a sa shi ta yadda zai kalli ƙofa ko baranda, ba ya juya wa mazauna gida baya ba. A dasa wasu ƙananan furanni a gabansa waɗanda za su rufe ganyensa idan ya fara yaushi. Kada a shuka shi a cikin lambun kayan miya ko kusa da kunyar albasa.

Idan za a yanka domin ado, a yanke shi da safe a lokacin da ƙullin ya sunkuyar da kai, launi ya fara bayyana amma bai buɗe ba. Karan yana fitar da wani ruwa mai yauƙi da ke sa sauran furanni, musamman wardi, saurin yaushi, saboda haka a tsoma shi a ruwansa shi kaɗai na wasu sa'o'i, a zubar da ruwan, sannan a haɗa shi da sauran ba tare da an sake datse karan ba. A wuri mai sanyi yakan yi kwana huɗu zuwa mako guda.

Bayan fure ya wuce

A tsinke kan furen da ya bushe domin kada ya ɓata ƙarfi wajen yin 'ya'ya, amma a bar ganyen, kada a yanke, kada a ƙulle shi. Ganyen ne ke tara wa albasar abincin baɗi, kuma yana buƙatar aƙalla mako shida yana kore. A ci gaba da ban-ruwa a wannan lokaci, a mai da tukunyar inda rana ba ta da zafi, sannan a rage ruwan a hankali idan ganyen ya fara yin rawaya.

Dole ne a tono albasar kafin ruwan Afrilu ya kankama, domin wadda aka bari a ƙasa ta sha ruwan Yuli da Agusta da wuya ta tsira. A tono ta da cokalin lambu daga nesa don kada a sare ta, a karkaɗe ƙasar, a shanya a inuwa mai iska na mako ɗaya zuwa biyu, a cire matattun saiwoyi, a ware 'ya'yan da suka rabu da kansu ba tare da an ɓalle su da ƙarfi ba. A rataye ta a jakar raga a ɗaki busasshe, da rubutun gargaɗi a jiki, a riƙa dubawa kowane wata ana fitar da wadda ta yi laushi. Manyan nau'o'in sukan ragu a irin yanayinmu, domin zafin Maris yana katse wa ganyen aiki da wuri, don haka wanda ya shuka su ya sa a ransa cewa zai iya buƙatar sabuwar albasa kowace shekara ko bayan shekara biyu. Tazetta ta fi alamar ɗorewa. Duk wadda ta kai Satumba da nauyinta da taurinta, idan babbar nau'i ce sai ta koma firji, idan tazetta ce sai ta ci gaba da jira a jakarta har Nuwamba, ƙananan 'ya'yan kuma a dasa su a tukunya ta daban, domin sukan ɗauki shekara biyu ko uku kafin su kai girman yin fure.